Kundin aikin ɗaukar ganuwa da kufai a ƙasar Kabi

13 Janairu 2024

Aikin da muka sa gaba shi ne ɗaukar bidiyon tsofaffin wuraren ƙasar Kabi da wayar hannu, musamman waɗanda ba su da mai gadi, ba su da allo, ba su kuma cikin littafin makaranta. Mu uku ne: ni da nake koyarwa a sakandare nan Argungu, da ƙanena wanda ya iya haɗa bidiyo, da wani abokinmu mai babur da ya san hanyoyin ƙauyukan fadama. Kayan aikinmu wayoyi ne, da fawa banki, da ɗan makirfo na maƙalawa a riga, sai wata doguwar gora da muka shafa wa fenti fari da ja, kowane rabin mita da launinsa.

Gorar nan ita ce ta bambanta aikinmu da abin da aka saba gani. Bidiyon tsofaffin gine-gine sun cika Facebook da TikTok. Saurayi zai tsaya gaban rusasshiyar katanga, a sa kiɗa mai sosa rai, ya ce tarihinmu ya lalace, shi ke nan. Niyyarsa mai kyau ce, amma bai faɗi ranar da ya ɗauka ba, bai nuna inda ya tsaya ba, babu abin da za a gwada tsayin katangar da shi. In an shekara biyar, ba wanda zai iya ɗaukar bidiyon nan ya ce ga abin da ya ragu. Mu so muke kowane ɗauka ya zama shaida: a faɗi kwanan wata da baki, a jingina gora, a tsaya wuri ɗaya da za a iya komawa a sake tsayawa.

Mun fara da Gidan Tarihi na Kanta don mu gwada hannu. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, sarki ya tashi daga cikinta a 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka, akwai tambura, akwai kayan su. Wannan gini yana tsaye ne don yana da masu kula da shi. Waɗanda ba su da kowa su ne abin nemanmu.

3 Fabrairu

Yau mun shiga kufan da zai zama cibiyar aikin bana. Ba zan rubuta sunan garin ba, kuma ba za mu sa shi a bidiyo ba. Yana cikin ƙasar Argungu, a kan tudu, yana kallon fadama.

Sai da muka fara zuwa gaishe da mai gari, da ɗan goronmu. Na ce, “Ranka ya daɗe, izini muka zo nema, muna son ɗaukar hoton tsohuwar ganuwa.” Ya dube mu, ya dubi gorar, ya ce, “Mi za ku yi da hoton ƙasa?” Da na yi masa bayani sai ya haɗa mu da wani dattijo ya raka mu, ya ce kada mu taka maƙabartar da ke gefen gabas, kada kuma mu ɗauko ko tsinke.

Abin da ya rage na ganuwar guntaye ne. Wani wurin ta fi tsayin mutum, wani wurin ta koma ɗan tudu da ciyawa ta rufe, in ba a nuna maka ba sai ka ce kunyar gona ce. Ta waje ana ganin shatar ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ginin, yanzu yashi ya kusa cike shi. Inda katangar ta tsage na matsa kusa na duba: jar ƙasa ce mai tsakuwa, a cikinta akwai tsingaro, har da wani ɓallin bakin tulu mai zanen igiya. Gara ta yi hanyoyi a jikinta, zanzaro ya yi ɗaki a wani lungu. Daga ciki kukoki ne manya-manya a tsaye, da wani dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa don aiki, da ramukan da dattijon ya ce marina ce.

Da muka maƙala masa makirfo ya ce, “Ɗana, wagga ganuwa da kuka gani, sa'adda muna yara ko kana bisa doki ba ka hangen bayanta.” Ya nuna inda ƙofa take da sandarsa, ya faɗi sunanta, ya lissafo unguwannin da ke ciki da gidajen da suka tashi suka koma bakin hanya. Wannan lissafi nasa ya fi katangar kanta saurin ɓacewa, don ita tana iya ƙara shekaru, shi kuwa ya tsufa ƙwarai. Mun bar shi ya yi magana son ransa, ba mu katse shi ba.

Mun zaɓi wuraren tsayawa, kowanne da alamar da ba ta gusawa: gindin kuka, wani dutse, kusurwar maƙabarta.

24 Fabrairu

Bidiyon farko ya fita. Ba kiɗa, muryar dattijon ce kawai da iskar hunturu. Ƙanena ya so a rage tsawonsa saboda tsadar data, muka yi gajere na WhatsApp, cikakken kuma muka ɗora a YouTube. Mutanen garin da ke ci-rani a Legas da Fatakwal sun gane wurin nan take, suna ta turo saƙon murya. Wani ya ce kakarsa a cikin ganuwar aka haife ta.

6 Maris

Wakilin wata jaridar Hausa da ke Birnin Kebbi ya ga bidiyon, ya nemi lambata, yau ya zo har makaranta bayan an tashi. Mutum ne mai natsuwa, ya zo da littafinsa da tambayoyi uku: wa ya gina ganuwar, a wace shekara, kuma laifin wa ne da ta lalace.

Ta farko ita ta fi cin lokaci. A ƙasar nan duk tsohuwar katanga sai a ce ta Kanta ce. Dalili a fili yake. Muhammadu Kanta ne ya fitar da Kabi daga ƙarƙashin Songhai wajen 1516, bayan saɓani da Askiya Muhammadu kan rabon ganimar yaƙin Agadas, kuma shi ya kafa babban birninsa Surame da ganuwarta ta dutse. Sunansa ya rufe na kowa. To amma tsakanin Kanta da zuwan Turawa akwai kusan shekara 400, kuma ba a daina gina ganuwa a cikinsu ba. An bar Surame a farkon ƙarni na 18 aka koma Birnin Kabi. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Daga baya Kabawa suka kafu a Argungu, a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har ƙarshen ƙarnin. A irin wannan zamani kowane gari na bakin iyaka sai ya kewaye kansa. Saboda haka ganuwar kufanmu tana iya zama ta ƙarni na 19, kuma hakan bai rage mata daraja ba ko kaɗan.

Na ce masa, “Malam, ka rubuta cewa dattawan garin sun ce kakanninsu suka gina ta lokacin yaƙe-yaƙe. Wannan shi muka ji da kunnenmu. Shekara kuwa sai masana haƙar tarihi sun auna.” Ya ce edita yana son lamba. Na ba shi lambobin da ke rubuce a littattafai, na roƙe shi kada ya liƙa ko ɗaya a jikin katangarmu.

Tambaya ta uku na ƙi amsa ta yadda yake so. Ɗora wa gwamnati laifi abu ne mai sauƙi, mai karatu ma zai ji daɗi, amma ban ga jami'in gwamnati yana sarar ganuwar da diga ba. Masu ɗibarta mutanen garin ne, kuma suna da dalilinsu. Na ce ya ba mu lokaci mu ji ta bakinsu.

Na ji daɗin zuwansa ƙwarai. Tambayoyinsa sun sa na koma na zauna da littattafai, na raba abin da aka rubuta da abin da ake faɗa a bakin kasuwa.

30 Maris

Labarin ya fito cikin azumi, rabin shafi da hoto. Jikin labarin ya tsaya kan abin da muka faɗa, sai dai kanun ya kira ta ganuwar Kanta. Na kira wakilin, ya ce ba shi ke sa kanu ba, amma ya sa an gyara na intanet.

Abin da jarida ta yi wanda bidiyo bai yi ba: an karanta kanun a shirin sharhin jaridu na rediyo da safe, sai ga hakimin yankin ya aiko a kai masa kwafi. Manyan da ba su buɗe Facebook suna girmama abin da aka buga a takarda. Ga kuma daɗewa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, har yau masu bincike suna zuwa Kaduna suna buɗe tsofaffin kwafinta. Bidiyon da ke cikin waya kuwa, ranar da wayar ta faɗa ruwa ya tafi.

Akwai kuma abin da ya tayar mini da hankali. Tun fitowar labarin, baƙin lambobi suke kira suna tambayar sunan garin. Wasu ɗalibai ne, na yarda da su. Wani kuwa kai tsaye ya tambaya ko ana samun tukwane a binne, ko mun ga gumaka. Wanda ya san abin da ya faru a shekarun 1990, lokacin da aka yi ta haƙe gumakan yumɓu a yankunan Nok da Katsina da Sakkwato ana fitar da su Turai, ya san ma'anar wannan tambaya. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙar irin waɗannan wurare ba da izini ba, ta kuma hana cinikin kayan. Amma doka tana Abuja, kufai yana daji. Mun sanar da mai gari, ya ce duk baƙon da aka gani da shebur a wurin a kawo masa shi.

20 Afrilu

Bayan salla mun je Gwandu. Hubbaren Malam Abdullahi ba ya cikin wuraren da aka yi watsi da su, masu ziyara ba su yankewa, don haka mun yi addu'a, mun nemi izini, mun ɗauki waje kawai. Ba kowane wuri ake shiga da kyamara a ɗage ba.

Abin da ya kai mu shi ne tsohon garin. Nan Shehu Usmanu ya zauna daga 1805, nan jama'a suka tsaya suka kāre kansu bayan karayarsu a yaƙin Alwasa a wannan shekarar, nan kuma Malam Abdullahi ya riƙe yammacin daula har rasuwarsa a 1829. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin, a hannun wani malami ya samu littafin tarihin Songhai da aka rubuta a Tumbuktu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. A cikin wannan littafi ne labarin tawayen Kanta yake. Wato malaman Gwandu suna riƙe da rubutaccen tarihin Kabi tun kafin Turai ta san da shi. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan duk shekara.

Wani malami a garin ya nuna mana takardun kakansa a cikin gafaka, gefensu duk gara ta ci. Ya yarda mu ɗauki hoton shafukan, bai yarda a sa a intanet ba. Mun tura masa hotunan a wayar ɗansa, muka riƙe alkawari. Wannan wani aiki ne daban, kuma ya fi ƙarfinmu a yanzu.

18 Mayu

Tafiyar Surame ta fasu. Kuɗin mai ya yi yawa, kuma waɗanda muka tuntuɓa sun ba da shawarar a dakata saboda yanayin tsaro a dajin. Mun bi shawararsu.

Surame tana cikin ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. Da aka yanke jihar Kebbi a 1991, babban birnin Kanta ya zauna a wancan gefen iyaka. Tun 1964 aka sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma Nijeriya ta shigar da ita jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asalin shahararsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya samu shiga kundin UNESCO na al'adu a 2016. Kowane yaro a Argungu ya san Matan Fada, inda ake kamun kifin. Da na tambayi aji guda wa ya san inda Surame take, hannuwan da aka ɗaga ba su da yawa.

8 Yuni

Wannan ita ce rana mafi muhimmanci tun da muka fara. Mai gari ya tara masu ruwa da tsaki a ƙofar gidansa: manomin da gonarsa ta jingina da ganuwar, da samarin da ke ɗibar ƙasa a amalanke, da wani tsohon magini. Muka kunna musu bidiyon Fabrairu a waya, tana zagayawa hannu zuwa hannu.

Ban je da wa'azi ba, tambaya na je yi. Babban cikin samarin ya ce, “Malam, buhun siminti ya wuce dubu goma. Wanda ɗakinshi ya faɗi, da mi zai tada shi?” Gaskiya ya faɗa, farkon shekarar nan siminti ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Ya ƙara da cewa ƙasar ganuwa ta fi kowace ƙasa, don an riga an zaɓe ta an cuɗa ta, tubalinta ba ya tsagewa. Manomin kuma ya ce 'ya'yansa sun girma, gonar ba ta girma ba, kowace shekara sai garma ta ɗan ƙara matsawa. Babu mugu a cikinsu. Da jarida ta buga cewa jahilci ne ke rushe ganuwar, da mutanen nan ba su sake sauraronmu ba.

Tsohon maginin ne ya kawo maganar da ta fi amfani. Ya ce ginin ƙasa da kai da ƙafa yake mutuwa. In ruwa ya samu kansa zai wanke shi a hankali, shekara da shekaru. In kuwa aka sare gindinsa, ruwa ya kwanta a ramin, ƙasar ta jiƙa ta yi laushi, sai nauyin sama ya kayar da shi dare ɗaya. Ya ce da can kowace unguwa tana da rabonta na ganuwa, bayan kaka a fito gayya a yi yaɓe, mai hali ya sa makuba. Da aka daina yaƙi aka daina gayyar.

Abin da aka tsayar: mai gari ya nuna wani tsohon kududdufi a yammacin gari inda za a riƙa ɗibar ƙasa. Ya fi nisa, samarin sun yi gunaguni, amma sun karɓa. Manomin ya yarda ya bar taku uku tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da katangar, za a dasa bi-ni-da-zugu a kan iyakar. Na so a cike ramukan da aka riga aka haƙa a gindin ɓangaren arewa kafin ruwa ya sauka sosai, amma kowa hankalinsa yana kan shuka. An ce sai bayan noman farko.

Wakilin jaridar ya so zuwa, mai gari ya ce a'a, magana ce ta cikin gida. Na ga dacewar hakan.

24 Agusta

Damina ta yi ƙarfi, fadama ta cika, babur ma sai da muka bar shi muka ƙarasa da ƙafa. Ba a samu cike ramukan ba.

Mun tsaya a wuraren da muka tsaya a Fabrairu, muka jingina gora. A ɓangaren kudu, inda ba a taɓa gindi ba, tsayin yana nan a kan launin da yake, fatar katangar ce kawai ruwa ya ɗan wanke. A ɓangaren arewa, guntun da ya fi kowanne tsayi ya kife. Ya faɗi ta gefen ramin, ya rabe gida biyu, ruwa na kwance a gindinsa har da 'yan kwaɗi. Wurin da na ga ɓallin tulun nan yanzu yana ƙarƙashin tarin ƙasa. Dattijon ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce nan ne gefen ƙofar da ya nuna mana.

Raina ya ɓaci matuƙa. Amma maganar magini ta tabbata a idon kowa, kuma muna da hoton kafin da na bayan daga wuri ɗaya. Samarin da kansu suka zo suka gani.

12 Oktoba

Jaridar ta buga labari na biyu, hotunan nan biyu gefe da gefe, da gorar a tsaye cikin kowanne. Wannan karon wakilin ya kawo maganar siminti da ta gona da bayanin magini, bai sa sunan garin ba. Ya ce editansa yana son shafi na wata-wata kan irin waɗannan wurare, in za a samu masu turo bidiyo daga Yauri da Zuru. Na ce sharaɗinmu uku: izinin masu wuri, kwanan wata da ma'auni, da ɓoye sunan duk wurin da ba shi da mai tsaro. Wani malamin makaranta daga Yauri ya riga ya tuntuɓe mu kan tsohuwar ganuwar Birnin Yauri, mun tura masa bayanin yadda ake shafa wa gora fenti da yadda ake zaɓar wurin tsayawa.

A kufai, bi-ni-da-zugun ya kama, manomin ya cika alkawari. An ga sawun amalanke sau ɗaya a gefen arewa, mai gari ya kira mai ita ya ja masa kunne. An sa gayyar cike ramuka bayan an gama yankan gero da shinkafa, maginin zai jagoranta, kuma ya ce kada a taɓa jikin katangar da siminti, don yana riƙe danshi ya ci ta daga ciki.

Ƙanena ya kwashe dukkan bidiyon asali, waɗanda ba a yanke ba, zuwa memori biyu da kwamfutar wani ɗan'uwanmu, kowanne da kwanan wata da sunan wurin tsayawa. Ina rubuta hirar dattijon a takarda kalma bayan kalma, da Kabancinsa yadda ya faɗa, za a kai kwafi ɗaya ga mai gari. Muna kuma shirya takarda zuwa masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi, da hotunan a haɗe, muna neman a turo masani ya duba wurin. Ɗauka ta gaba a watan Fabrairu ce, a wuraren tsayawa na bana, kuma zan tafi da wasu ɗaliban ajin ƙarshe su riƙe gora su koyi aikin.